Aradun Badi'a

La'asar sakaliya Badi'a ta gama ɗaukar hotunan walima a wani gidan biki a Kabo. Ta naɗe ƙafar kyamararta, ta saka kyamarar a jaka, uwar amarya ta cusa mata alkaki da cincin a leda. Yayanta Muhsin yana ƙofar gida a kan mashin, yana ta danna ham, wai hadari ya haɗo daga gabas. Da ma shi yake kai ta duk inda aka kira ta aiki, ya kuma ɗauko ta, tun da mijinta ya rasu. Mutane har yaba masa suke yi, suna cewa samun ɗan'uwa irinsa sai an tona.

Mijin nata, Tasi'u, mai gadi ne a ƙarfen sabis ɗin da ke kan wani tudun dutse a hanyar Kabo zuwa Gwarzo. Duk faɗin yankin babu abin da ya kai ƙarfen nan tsawo. Daga ƙolinsa har cikin ƙasa akwai wata wayar tagulla mai kaurin babban yatsa, aikinta ɗaya ne: in aradu ta faɗo, ta bi ta cikinta ta shige ƙasa ba ta taɓa kowa ba. To wani mara imani ya sa zarto ya yanke wayar nan, ya yi gaba da ita. Ruwan farko na daminar waccan shekara aradu ta sauko, ta zo tsakiya ta tarar babu hanya, sai ta yi tsalle ta faɗa ɗakin mai gadi. Tasi'u yana kan sallaya a lokacin.

Kun dai san mutanenmu. In zazzaɓi ya kashe mutum sai a ce Allah Ya jiƙansa. In aradu ce kuwa, sai a fara tambayar me ya ɗauka. Kafin sadakar uku magana ta gama Gwarzo, wai Tasi'u ne ya yanke tagullar ya sayar wa 'yan gwangwan, aradu ta biyo kayanta. Masu shayi suka faɗa, masu faci suka ƙara gishiri, matan da suka zo gaisuwa suka fita suna taɓe baki tun ba su gama saka takalmi ba. 'Yarta Lailatu, mai shekara tara, aka laƙaba mata suna a Islamiyya, 'yar mai tagulla. Yarinyar ta daina ɗaga kai in tana tafiya a hanya.

Wannan abu ya ci wa Badi'a rai fiye da mutuwar kanta. Ranar da aka kawo Hajjo, wata tsohuwa daga Kutama wadda gidansu suka gaji zuba nono a inda aradu ta faɗi, Badi'a ta fito cikin takaba, abin da ba a yi, ta hau tudun nan da ƙafa. Ta fizge ƙwaryar daga hannun tsohuwa, ta tuttule nonon a gindin wayar da aka yanke.

Ta ce, "Kwarankwatsa ta bi wanda ya yanke wannan, ko ɗan gidan uban waye. Kada ta huta sai ta same shi."

Hajjo ta yi salati, ta juya ta sauka, ko ƙwaryarta ba ta tsaya karɓa ba.

Kamfanin ya sa sabuwar waya, ya ɗauki sabon mai gadi wanda da ya ga gajimare yake datse ƙofa ya cika wandonsa da iska. Amma tun daga ranar, duk ruwan da za a yi, Badi'a takan tsaya a tsakar gidanta ta hango walƙiya tana sauka wajen tudun, wuri ɗaya, ba ta kuskure. Lissafinta kuwa mai sauƙi ne. Da Tasi'u ne ɓarawon, ai da aradu ta huta tunda ta same shi. Tunda har yanzu tana sauka, to ɓarawon yana nan yana cin tuwo. Ta faɗa wa mutane, suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta, walƙiya ai ko'ina tana yi. Damina biyu ke nan tana son hoton da zai rufe musu baki, hoton aradu a kan ƙarfen, kusa da kusa. Ta koyi yadda ake yi: a kafa kyamara a kan ƙafarta, a bar idonta a buɗe a ƙirga goma, duk hasken da ya gifta sai ya zauna a ciki. Abin da bai taɓa haɗuwa ba shi ne ita da kyamara da hadari a gindin tudun lokaci guda. Yau ya haɗu.

Sun yi nisa da Kabo, gero da dawa sun rufe hanya hagu da dama, iska ta fara kwantar da su. Rana ta shige bayan gajimare, gari ya yi wani irin rawaya. Can ta hango jar fitilar ƙolin ƙarfen tana ƙiftawa. Ta taɓa kafaɗar yayanta.

"Yaya, tsaya a nan."

Bai tsaya ba, sai ma ya ƙara mai.

"Yaya Muhsin, na ce ka tsaya. Wallahi ko ka tsaya ko in diro."

Ya taka birki a gindin tudun, ya juyo yana huci. "Ke wai me ke damunki? Magariba ta kawo jiki, ga hadari a kanmu. Nan ne wurin tsayawa?"

"Minti goma kawai."

"Badi'a, ki bar wa Allah. Wanda ya tafi ya tafi." Ya dubi jakarta. "Kin manta Inna har zane take rufa wa madubi in hadari ya taso? Wannan abin naki akwai madubi a cikinsa, ke kika gaya mini da bakinki. Shi za ki nuna wa walƙiya?"

Ta sauka ta saɓa jaka. "In kana tsoro ka jira ni a nan."

Tsoron kuwa yana ji, don gumi ne ke bin wuyansa cikin wannan iska mai sanyi. Ta ɗauka tsoron tsawa ne irin na kowa. Ta bar shi a kan mashin ta kama hawa.

Hanyar tudun tsakuwa ce, tana zamewa a ƙarƙashin takalmi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso tun kafin ruwan. A sama ta tarar da ƙofar shingen a datse da kwaɗo, sabon mai gadi ya yi ta kansa kamar yadda ya saba. Janareta yana ta kuka shi kaɗai, yana fitar da warin gas. Ga ɗakin gadi nan an yi masa sabon fenti, amma baƙin tabon da ya tsaga bangon ya huda fentin ya fito. Ta kawar da kai.

Ta koma baya kamar taku talatin, ta kafa ƙafar kyamara a jikin wani dutse, ta saita ƙarfen tun daga gindi har ƙoli. Ta lulluɓe kyamarar da gefen hijabinta don kada ruwa ya same ta. Daga wani ƙauye can nesa aka fara kiran sallar magariba, iska tana kawo shi tana mayarwa.

Ta danna. Ta fara ƙirga.

Tana kan bakwai sama ta tsage. Farin haske ya sauko a kan ƙolin ƙarfen, ƙarar ta biyo baya ta daki ƙirjinta har haƙoranta suka haɗu. Ta yi tasbihin da ake yi in an ji tsawa. Amma daɗi ya kama ta, daɗi mai zafi. Ta samu! Gobe sai ta manna wannan hoto a ƙofar kowane mai shayi a Gwarzo.

Ta duba gilashin bayan kyamara. Ga ƙarfen, ga aradu ta kama ƙolinsa kamar saiwar bishiya a kife. A gefen jar fitilar kuma akwai wani abu a tsugune.

Ta goge gilashin da yatsa. Abin yana nan. Dogo ne, siriri, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙolin da idonta. Babu komai sai fitila.

Mai hankali a nan zai naɗe kayansa. Badi'a kuwa zuciya ta riga ta ci ta. Ta sake dannawa.

Janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Jar fitila ta ɗauke. Kwaɗin da suka cika fadama da kuka suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe su da murfi. Sai ƙarfen ya fara wani amo, ƙasa-ƙasa, irin na ƙudan zuma a cikin tulu.

Walƙiya ta biyu ta sauka.

A hoton, abin ya sauko tsakiyar ƙarfen. Da kai yake saukowa, ƙafafu a sama.

Tsikar jikinta ta tashi. Gashin hannunta ya miƙe. Bakinta ya cika da ɗanɗanon ƙarfe, kamar ta tsotsi tsohon kwabo. Yatsanta ya sake danna maɓallin, ita kanta ba ta san ta yi ba.

Ta uku.

Yana ƙasa. Ya durƙusa a gindin waya, daidai inda aka taɓa yankewa, ya kifa fuskarsa a wurin yana sansana.

Sai wari ya iso ta. Ƙauri ne, da tsamin nonon da ya daɗe a rana.

Ba ta ƙara danna komai ba. Ba ta buƙata. Tsakuwa ta yi ƙara a gabanta. Taku ɗaya. Shiru. Wani takun. Kwaɗon ƙofar shinge ya faɗi ƙasa da kansa.

Iska ta tsaya cak.

"Ke kika aiko ni."

Muryar a cikin kyamarar take, tana kuma cikin haƙoranta. Raɗa ce, a bushe.

Ta buɗe baki za ta yi a'uziyya, harshe ya ƙi juyawa.

"Damina biyu ina sauka a nan. Nan kaɗai hannunsa ya taɓa. Na gaji."

Wata 'yar walƙiya ta gifta can nesa, ta gan shi da idonta. Yana tsaye bayan kyamarar, ya ranƙwafo. Jikinsa baƙi ne, a murɗe kamar wayar da ta ƙone. Yana da baki. Inda ido ya kamata ya zauna kuwa sumul yake.

"Ba ni da ido," in ji shi. "Akwai madubi a hannunki. Ara mini."

"Ban... ban san shi ba," ta ce da ƙyar. "Wallahi ban san ko waye ba."

"Ƙarfen nan ya san shi. Ya ji shi yana yanka. Yana yanka yana fito."

Zafinsa yana dukan fuskarta kamar ta leƙa tanda. Ƙafafunta sun ƙi ɗaguwa. Ta tuna Lailatu tana gida ita kaɗai, ta tuna ban da Muhsin babu wanda ya san inda take.

A lokacin ne Muhsin, can ƙasa a bakin hanya, ya gaji da kiran sunanta iska tana haɗiyewa. Sai ya yi abin da ko yaro an hana shi yi da magariba. Ya tsuke baki ya yi fito, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe, irin wanda yake yi tun suna yara in yana aiki da hannunsa.

Ƙarfen gaba ɗaya ya amsa. Amon ya tashi daga gindi har ƙoli.

Abin ya miƙe a hankali. Ya juya kansa wajen hanya.

"Shi ne."

Badi'a ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a ƙashin baya. Daga nan sanyin ya koma wuta. Tsoron da ya riƙe ƙafafunta ya sake su. Ta cire kyamarar daga ƙafarta, ta rungume, ta gangara da sauri tana zamewa a tsakuwa. Takun yana biye da ita, ba ya sauri, ba ya tsayawa.

Ta tsaya a tsakiyar gangaren. Ga Muhsin can ƙasa, ya kunna fitilar mashin, yana tsaye a cikin haskenta.

"Yaya!"

"Ki taho mu tafi mana, don girman Allah!"

"Yaya, mashin ɗin nan, da me ka saye shi?"

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan tankin mashin, ƙwas.

"Wace irin magana ce wannan a nan?"

"A daminar da Tasi'u ya rasu ka saye shi. Da me?"

Ta ga lokacin da kafaɗunsa suka zube. Ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo, ko da yake babu abin da zai gani sai duhu. Ƙila warin ne ya isa gare shi.

"Badi'a." Muryarsa ta koma ta yaro. "Ranar Juma'a ce. Tasi'u ya ce in riƙe masa wurin ya je masallaci. Kuɗin mashin ne bai cika ba. Na ɗauka waya ce kawai, wallahi tallahi ban san ita ke tare aradu ba."

"Ka ji ana zagin sa a kabarinsa."

"Na ji."

"Ka ji abin da ake kiran Lailatu. Kai kake kai ta Islamiyyar a kan wannan mashin."

Ya durƙusa a kan kwalta. "Uwa ɗaya muke, Badi'a. Nono ɗaya muka sha."

Numfashi mai zafi ya sauka a wuyanta. Wasu dogayen yatsu suka dafa kafaɗarta, hijabin ya fara ƙauri.

"Nuna mini," aka raɗa.

Ba za a ce ba ta san abin da take yi ba. Ta sani sarai. Ta tuna goyon da Muhsin ya yi mata tana ƙarama, ta tuna gawar Tasi'u da sallayar da ta manne a goshinsa. Ta ɗaga kyamarar, ta kai idonta.

Ga Muhsin a tsakiya, hannuwansa a sama.

Ta danna.

Duniya ta yi fari.

Ba ta ji ƙarar ba. Ta dai farka a kwance cikin tsakuwa, ruwa yana zuba a fuskarta kamar da bakin ƙwarya, kunnuwanta suna kuwwa. Kyamarar tana hannunta, da zafi kamar an sauke ta daga wuta. A kafaɗarta hijabin ya ƙone wuri huɗu, a jere.

Ta rarrafa ta miƙe. A bakin hanya mashin yana ci da wuta a cikin ruwan, taya tana narkewa. Muhsin yana cikin kwalbati, inda ƙarfin abin ya wurga shi. Yana motsi. Girarsa ta ƙone, jini yana fita daga kunnensa na hagu, yana kiran sunanta.

Ta tsaya a kansa ta dube shi. Sannan ta wuce. Wata motar itace ce ta tsince ta a hanya, ta sauke ta a Gwarzo bayan isha.

Washegari ta wanke hoton na ƙarshe. Ga Muhsin a durƙushe, ga aradu a kan mashin, ga kuma wani dogon abu tsaye a bayansa ya dafa kansa da hannu ɗaya. Wannan karon abin yana da idanu. Duk wanda ya san Badi'a, in ya dube su, sai ya juyo ya dube ta.

Ba ta ma kai hoton ko'ina ba. Muhsin da kansa ya je gaban mai unguwa ya faɗi komai, da kunne ɗaya da ya rage masa. Sai ga masu taɓe baki na jiya suna sallama a gidan Badi'a, wai sun zo sabunta gaisuwa, da ma su tun farko ba su yarda ba, Malam Tasi'u ai mutumin kirki ne. Ta shimfiɗa musu tabarma, ba ta ba su ko ruwa ba. Lailatu ta koma ɗaga kai a hanya.

Tun daga ranar aradu ba ta sake sauka a kan ƙarfen sabis ɗin ba. Ta samu wanda take nema, amma ba ta gama da shi ba. Ta faɗo a kan rumfar da ya fake a kasuwa minti ɗaya bayan ya fita. Ta tsaga darbejiyar ƙofar gidansa. Ta kashe akuyar da yake riƙe da igiyarta, shi ko ƙwarzane. Yanzu babu mai barin sa ya shiga zaurensa in hadari ya haɗo, ko masallaci liman ya roƙe shi ya riƙa haƙuri har a ɗauke ruwa. Da gajimare ya taso sai ka ga Muhsin ya fita bayan gari shi kaɗai, ya tsaya a tsakiyar gona, nesa da kowa, yana jira. Ya rame ya zama kamar kara.

Mahaifiyarsu ta bi malamai, ta bi masu nono, kowa magana ɗaya ya gaya mata: bakin da ya aiko aradun shi ne zai ce ya isa. Don haka wata ranar Laraba da yamma ta zo gidan Badi'a, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka.

"Ni na haife ku ku biyu. Kalma ɗaya ce, Badi'a. Ki ce kin yafe. Ki dube ni, ki dubi furfurata."

Badi'a ta dube ta, ta kuma ji tausayinta har cikin rai. Sannan ta ɗaga kai ta dubi gabas. Ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa shanyar da ke kan igiya. Can ƙarshen layi ga Muhsin ya fito, hannuwa a hammata, ya nufi hanyar gona, mutane suna darewa suna ba shi wuri.

Ta kama hannun tsohuwar a hankali.

"Inna, shigo daga ciki. Za a yi ruwa."

Ta ja ƙofa ta saka sakata.